Taku Bakwai Daga Dutsen Niƙa

Gangare, hanyar Shagari,
Ranar Laraba, cikin marka.

Zuwa ga ƙanena Zainulabidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da abokan zamanka a can ƙasar Sifen. Allah Ya tsare maka imaninka da jikinka, Ya sa albarka a guminka, Ya haɗa ka da mutanen kirki duk inda ka sa ƙafa, Ya kuma maido mana da kai gida muna raye. In ka tambaye mu, muna nan lafiya gwargwado, sai godiyar Ubangiji.

Damina ta yi nauyi bana. Gero ya fidda kai, amma ruwa ya kwanta a gonakin fadama wajen Danchadi, dawa ta yi ja tun ba ta kai ƙugu ba. Albasar da mutane suka ajiye suna jiran kasuwa ta tashi, laima ta shige ta, rabi ta ruɓe. Na ce da Juwairiyya, ɗiyata, ga kawunki can ya bar albasar gida ya tafi yana noma ta Turawa, wataƙila shi ya fi mu wayo. Katangar bayan gida ta zube ranar Asabar ɗin da ta wuce, ba ta taɓa kowa ba. Uwani ƙanwarmu tana Sifawa lafiya, ciwon ƙafar nan ne dai bai sake ta ba. Na je Shagari sati biyu da suka wuce na ga iyalinka Nana Aisha da yara, suna lafiya, tana haƙuri irin nata. Ni kuwa tun da maigidana Malam Isa ya rasu na dawo gidan mahaifinmu, ina nan ina biya wa matan unguwa karatu da hantsi, rana na fitowa tana faɗuwa.

Za ka yi mamakin ganin takarda, tunda ga waya a hannu. Sau biyu ka kira ka tambaye ni labarin ɗakin da ka sa a gina wa Baffa Mainasara, sau biyu na ce maka an gama, ya yi kyau, Baffa yana ciki. Ban yi maka ƙarya ba, amma ban gaya maka gaskiya duka ba, kuma tun ranar abin yake cina. In na ji muryarka a waya, kana murna, sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da bokon nan nawa na yaƙi da jahilci, Juwairiyya ta ɗauki hoton shafukan ta tura maka. Ka karanta a natse, ba a wurin aiki ba.

Zan fara da hotunan da ka turo mana bayan sallah, na wancan tsohon gari da kuka je gani a bisa dutse ranar hutunku. Na sa Juwairiyya ta buɗe mini su ya fi sau goma. Ga ganuwa ta duwatsu ta kewaye kan tudu, ga ɗakuna masu zagaye kamar namu na da, rufi ya tafi, bango ya rage zuwa ƙugu, ga hanya siririya tsakanin gida da gida. Ka ce an gaya muku mutanen sun zauna nan ɗaruruwan shekaru, har Rumawa suka zo suka mallaki ƙasar, su dai ba su sauka ba, suka ci gaba da zama a tudunsu suna niƙa suna haihuwa, sai daga baya aka watse kaɗan kaɗan. Ni Rumawa a karatu kawai nake jin sunansu, ban taɓa zaton ɗan uwana zai taka inda suka taka ba. Ka ce akwai mai gadi a wurin, an ja igiya, ko tsakuwa ɗaya ba a bari baƙo ya sa a aljihu. Ka kuma ce da ka tsaya a ƙofar ganuwar, ba abin da ya faɗo maka a rai sai Garin Bisa. Lokacin da na ji wannan maganar taka na yi murmushi. Yanzu in na tuna mai gadin nan da igiyarsa, sai in rufe wayar.

Kana da shekara huɗu muka sauko daga Bisa, shekarar babban farin da rijiyar gari ta ƙafe, don haka ban san iya abin da ka riƙe ba. Ni ina da goma sha biyu, na riƙe da yawa. Tsofaffi sun ce tun kafin jihadi mutanenmu suke kan tudun nan. An yi zamanin mahara suna nan, Turawa suka zo suka yi mulkinsu suka tafi suna nan, aka shimfiɗa titin mota a ƙasa suna kallonsa daga sama. Ba yaƙi ya saukar da su ba, ƙishirwa ce da hawan tulu. Ganuwa kuwa ba ta sarki ba ce, ta kowa ce. An raba ta da gaba, wato awon miƙa hannu biyu, kowane gida da kasonsa, kuma in kaka ta yi an gama kai amfani rumbu, kowane magidanci zai fito da 'ya'yansa ya ɗora duwatsun da damina ta zubar, ya cike da laka. Wanda ya bar kasonsa ya rushe, mata ne suke fara yi masa waƙa a bakin rijiya. Kason gidanmu gaba goma sha biyu ne, a bangon yamma, kuma bayansa maƙabarta take. Da aka sauko kowa ya manta da nasa. Baffa Mainasara kaɗai ya ƙi sauka, ya kuma ƙi mantawa. Shekara arba'in yana gyara gaba goma sha biyun nan shi kaɗai, a garin da ba kowa sai shi da awakinsa. Mahaifinmu ya sha yi masa tsiya, ya ce ƙanena yana gadin ƙadangaru. Shi kuma ya ce ai ko ƙadangare ya san wanda ya gyara masa bango.

Ka san Baba da Inna duka can bisa aka kai su, Inna ce ma ta ƙarshe da aka haura da ita, shekara goma sha uku ke nan. Ka kuma san kabarin ƙasar nan, damina uku huɗu sai ya kwanta ya zama ɗaya da fili, mu kuma ba ma kafa allo ko siminti. Abin da ba ka sani ba, ni ma sai bana na san shi sosai, shi ne yadda Baffa yake gane wurin tun da idonsa ya fara tafiya. A cikin bangon namu akwai rabin dutsen niƙan kakarmu Hussaina, wanda aka kawo mata daga nesa cikin kayan aure, don marmarar tudunmu ba ta niƙa. Da ya tsage biyu, kakanmu ya sa rabi a ganuwa. Duk sauran duwatsun masu kaushi ne, shi kaɗai ne mai santsi, da kwarmi a tsakiya. Kowace Jumma'a da safe Baffa zai fita ta ƙofar yamma, ya ɗora tafin hannu a bango, ya bi shi yana shafawa har hannunsa ya faɗa cikin kwarmin. Sai ya jingina bayansa da dutsen, ya yi taku bakwai. Nan Baba yake. Inna tana hannun damansa. Tsakanin Baba da bango kuma akwai wuri ɗaya da ba a taɓa haƙa ba, Baffa ya tsare shi shekara da shekaru, ya ce nan ne makwancinsa, kusa da yayansa, a gindin aikinsa. Bai roƙi komai ba a duniya sai wannan.

To ga inda na shigo. Da ka aiko ka ce a gina masa ɗaki a nan gida kafin damina, don tsoho mai shekara tamanin ba ido bai kamata ya ƙara damina shi kaɗai a kufai ba, na yi murna, na kira Lawali magini. Ya ce ƙasar wajen nan tana riƙe ruwa, sai an ɗaga harsashi kamu biyu da dutse kafin a ɗora bulo. Ya tambaye ni daga ina za a kawo dutsen. Ina tsaye ina tankaɗe, na ce masa ya samo duk inda ake samowa, shi ya san aikinsa. Iyakar abin da na faɗa ke nan, Zainu. Na san sarai inda mutanen Gangare suke samo dutse, rabin gidajen garin nan a kan duwatsun Bisa suke tsaye. Da na ƙara kalma huɗu, na ce ban da bangon yamma, da ban zauna rubuta wagga takarda ba. A daidai lokacin ne kuma aka kai Baffa asibitin ido a Sakkwato, suka duba suka ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ta mutu, sai haƙuri. Daga can Uwani ta riƙe shi a Sifawa kwana ashirin, da shawarata, don a gama gini bai sani ba, ya dawo ya tarar da ɗaki. Cikin kwana ashirin ɗin jakunan Lawali suka yi ta hawa da sauka. Ina ganinsu suna wucewa ta ƙofar gida da mangala cike, har ruwa na ba masu korarsu.

Baffa ya dawo ranar Alhamis, bayan an yi ruwan farko. Na nuna masa ɗaki, ya tsaya a bakin ƙofa ya sa maka albarka, ya ce Zainulabidin ya yi zumunci, amma shi tsuntsun bisa ne, gobe zai koma. Na ce a raina bari in bi shi a hankali. Da safe ya ɗauki sandarsa, na ɗauki buta da ɗan fura na bi bayansa, don ban yarda ya hau shi kaɗai ba. Hanyar ya fi ni saninta, ni mai ido ni ce nake tuntuɓe. Muka shiga ta ƙofar gabas, muka ratsa kufan gidaje, yana gaya mini nan gidan su wane, nan marina, nan masallaci, kamar mutanen suna ciki. Da muka kai ƙofar yamma na tsaya, tunda mu mata ba ma shiga maƙabarta. Tun daga nan na gani. Na ga fili inda bango yake, na hango har gonakin ƙasa ta wurin da ban taɓa hango su ba. Shi kuwa ya ɗora hannu a kan ɗan guntun da ya rage a jikin ƙofa, ya fara tafiya yana karatu ƙasa ƙasa. Taku uku, hannunsa ya faɗa iska. Ya ɗan yi tangaɗi, ya koma baya ya sake kamawa, ya sake tafiya, hannun ya sake faɗawa. Ya miƙa sanda gaba yana lalube, hagu da dama. Sannan ya durƙusa ya shafa ƙasa, ya ji ramin da aka tono duwatsun gindi, ruwa ya kwanta ciki. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago bai yi faɗa ba. Ya kira sunana, ya tambaye ni a hankali ko shi ne ya ɓata hanya. Na ce a'a Baffa, ba ka ɓata ba. Na gaya masa komai daga inda nake tsaye, ban rage ba.

Da la'asar aka kira Lawali zaure. Ya zo da fara'arsa, yana zaton yabo za a yi masa. Da ya ji zancen ya ce shi wallahi bai san da wani dutsen niƙa ba, ya ce sauran bangon duk ya zube ya nutse cikin ƙasa, sai an sha wuya da diga, wannan kaɗai ya tarar tsaye tsaf kamar an jera wa mai ɗauka, har ya ce wa yaransa duk wanda ya yi wannan jeri ya iya aiki. Ya ƙara da cewa ai ganuwar da ba ta hana akuya shiga ba ta tsaron kowa. Baffa ya bar shi ya gama. Sai ya tambaye shi ko shi ba jikan Maniru na bangon arewa ba ne. Lawali ya ce shi ne. Baffa ya ce to ai ba mamaki, kakanka ma sai mata sun yi masa waƙa yake fitowa gyara. Mutanen zaure suka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Sannan ya ce bangon nan ya ga dawakin mahara ya tsaya, ya ga Bature ya tsaya, ya ga fari ya tsaya, ashe jaki huɗu yake jira, da ɗan gari akan ci gari. Lawali ya sunkuyar da kai, ya ce a yafe masa, in ana so zai rushe harsashin ya mayar da duwatsun da hannunsa. Baffa ya ce mayarwa a ina, dutse ya san gurbinsa ne? Ya ce ya yafe masa. Ni ban ga laifin Lawali kamar nawa ba. Shi an aike shi ne, ni na aika.

Ba mu zauna haka ba. Kwana uku maza suna hawa tare da shi, har da Malam Musa liman. Sawun bangon yana nan, ana ganin inda ya bi. Amma a ina cikin gaba goma sha biyu dutsen niƙan yake? Baffa ya ce shi bai taɓa ƙirga taku daga ƙofa ba, hannunsa ne yake kai shi, akwai wani dutse mai tsini, da wani mai rami inda zanzaro ke gini, sannan mai santsin. An kwashe masa su duka. Lawali ya ce kamar tsakiya ne, ɗaya daga masu jakunan ya ce kusa da ƙarshe. Dattawan da suka halarci jana'izar Inna, biyu sun rasu, ɗaya ya ruɗe, sauran kowa ya nuna wuri dabam. Aduwar da take wajen kuma masu itace sun sare ta tun shekara shida, ko kututture babu. Filin nan kuwa, Zainu, kaburbura ne a kan kaburbura tun kakannin kakanni, ba tazara. Liman ya ce ba zai yarda a sa magirbi bisa zato ba, don in aka kuskure kamu biyu, wani bawan Allah za a tone. Ya ce in ba a sami wanda ya tabbatar da wurin ba, ranar da ta Allah ta kasance, sabuwar maƙabartar Gangare za a kai Baffa. Ya kuma kira ni gefe ya yi mini nasiha, ya ce addu'a ba ta ɓata hanya, tana isa ga mamaci ko an san kabarinsa ko ba a sani ba, kuma Allah ba Ya kama bawa da abin da bai yi nufi ba. Na san haka, ni ma ina gaya wa mata haka a wurin karatu. Amma Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido, kuma ni ce na riƙe madubin.

A rana ta huɗu Baffa ya ce a kwaso masa tabarmarsa da butarsa da awakinsa daga Bisa. Abin da muka yi shekara goma muna roƙonsa, ya yi shi ba wanda ya ce masa komai. Ya ce tunda ganuwa ta riga shi sauka, shi me zai zauna tsaro. Uwani da ta ji ta yi ta hamdala a waya, ta ce ko ba komai tsoho ya shigo cikin mutane. Ban iya taya ta ba. Mutumin da yake hawa tudu da tulu a kafaɗa bara, yanzu sai an kama shi zai tashi daga tabarma. Fura rabin ludayi, tuwo loma biyu. Tsiyar nan tasa da ba ta barin kowa, ta ɗauke. Garin Bisa kuma tun ranar ba a sake hura wuta a cikinsa ba. Da yamma in na ɗaga kai ban ga ɗan hayaƙin nan nasa ba, sai in ji kamar an sake yi mana rasuwa. Na ji har wasu sun fara zancen shuka gero a kan tudun baɗi, tunda ba mai hana su.

Ga abin da nake roƙonka. Kai ka shiga kabarin Inna ka karɓe ta, kai da Baffa, kuma a cikin waɗanda suka tsaya a wurin kai kaɗai ka rage mai ƙuruciya da ido da hankali. Ka zauna bayan sallar asuba, lokacin da kai yake sarari, ka tuna. Da ka fito daga ramin ka miƙe, ƙofar yamma tana ina daga gare ka, kusa ko nesa? Aduwar tana gabanka ko bayanka? Ka ga dutsen mai santsi a bango, in ka gan shi, ya fi kusa da ƙofa ko da kusurwa? In ka hango ƙasa, me ka hango, titi ko fadama? Ko ƙaramin abu ne ka rubuto, ka zana a takarda in za ka iya, liman ya ce zai haɗa da maganar sauran ya duba. Na san shekara goma sha uku ba kwana goma sha uku ba ne, kuma mai kuka ba ya kallon bango. Amma ina haɗa ka da Allah, kada ka ce ka tuna don ka sanyaya mini rai. In ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba. Kuskure ɗaya ya ishe mu, kada mu gyara shi da tone kabarin wani. Kuma kada ka jinkirta amsa. Ban ce ka taso ba, na san halin takardunku, amma jikin Baffa ba na jira ba ne. Na tambaye shi ko yana da saƙo gare ka. Ya ce in gaya maka ɗaki ya yi, ba ya yoyo. Ya ce in kuma ba ka tuna ba kada ka damu, a kai shi Gangare cikin waɗanda suka gudo, ƙasa duk ta Allah ce. Ya faɗi haka yana juya fuska bango.

Akwai abu ɗaya da ya rage, na so in bar shi, amma na ce ba zan sake rage maka gaskiya ba. Harsashin ɗakin ba a shafe shi da siminti ba, duwatsun suna waje. Jumma'ar farko bayan saukowarsa, ina shara da safe, na ga Baffa ya fito yana bin jikin ɗakin da hannu don ya je alwala. A kusurwar da ke fuskantar tsakar gida ya tsaya cak. Ya sunkuya, ya sa tafinsa cikin wani dutse, ya bar shi a nan. Dutsen kakarmu ne, Lawali ya sa shi a kusurwa don ya fi sauran ƙwari. Ina kallo ya juya, ya jingina da shi, ya yi taku bakwai. Takun ya kawo shi tsakiyar gida, tsakanin randa da turken awaki. Nan ya tsaya ya ɗaga hannu, ya yi wa Baba addu'a, ya juya dama ya yi wa Inna, ya yi wa mutanen Bisa gaba ɗaya. Hankalinsa lafiya lau yake, ya san ba kowa a ƙarƙashin wurin, da ya gama ma ya ce da ni in yi haƙuri, ƙafa ce ta saba. Kowace Jumma'a yanzu haka yake yi. Na cire turken awakin na mayar bayan ɗaki, na matsar da randa, na hana Juwairiyya zubar da ruwan wanke-wanke a wajen. Ni da ban taɓa tsayawa a kan kabarin uwata ba, yanzu ina tsayawa bayansa ina cewa amin.

Ka yafe mini, ƙanena. Ka aiko da alheri, hannuna ya karkatar da shi. Na roƙi Baffa gafara ya ce ba komai tsakaninmu, saura kai, don iyayen namu ne mu duka.

Baffa Mainasara yana gaishe ka yana sa maka albarka. Uwani da maigidanta da yaransu suna gaisuwa daga Sifawa. Nana Aisha ta ce in gaishe ka, ta ce ɗanku Malami da ƙannensa suna karatu yadda ya kamata. Juwairiyya tana gaida kawunta da ladabi. Malam Musa liman yana gaisuwa, yana jiran amsarka. Lawali ma ya tsayar da ni a hanya ya ce in na rubuta in sa gaisuwarsa, in ka ga dama ka karɓa, na ce zan sa, ga ta. Ka gaida abokin ɗakinka Sha'aibu da duk Musulmin da kuke tare. Allah Ya jiƙan Baba da Inna da duk waɗanda ke kwance a Bisa, Shi da bai ɓata wurin ko ɗaya daga cikinsu ba. Allah Ya buɗe maka tunani, Ya sa amsarka ta riski Baffa.

Wassalam. Ni ce yayarka mai jiran takardarka,
Saratu Muhammad Sani.